Magen da Malam Ya Bari

Ni ban san rubutu ba. Autata ce ke riƙe da biro, ni nake faɗa, kuma na ce mata duk inda maganar ta taɓo ta ko ta taɓo mijinta kada ta gyara, ta sa yadda ta fito daga bakina. Tun da maigidana Malam ya rasu kwanakina suke cuɗewa da juna, na jiya da na shekarun baya, ina tsoron wata rana in nemi wannan labari a kaina in rasa.

A ƙauyen da aka haife ni, a ƙasar Jahun, ba a sayen mage kuma ba a raɗa mata suna. Kowane gida da tasa, kamar yadda kowane gida yake da turmi. Aikinta gadin rumbu, ladanta ɗan nono a sakaina da abin da ta kama da kanta. Ba wanda yake zama ya ce yau zan yi wa mage wasa, amma ban taɓa ganin magen da ta rasa wasa ba, domin duk aikin da muke yi a wancan zamani yana da jela. Mai saƙar tabarma, kaba na wutsil-wutsil a gefenta. Mai tufka, igiya na birgima a bayansa. Mai shara tana jan tsintsiya, mai bakace tsaba na tsalle daga faifai, yarinya ta wuce da gudu bakin zaninta na jan ƙasa. Mage ta dinga bi tana cafka, a daka mata tsawa ta ja da baya, a juya ta dawo. Gidan ma ba ya shiru. Tun asuba guga na dukan bangon rijiya, sai luguden mata, sai kaji, sai wani jaki can bayan gari yana kuka kamar an yi masa mutuwa. Yanzu in na farka a gidan nan na Dutse, abin da nake ji ƙugin firji ne da ƙarar ƙofa in an fita da mota, daga nan sai shiru har magariba. Aikin mutanen yanzu a cikin gilashi yake, suna shafa shi da ɗan yatsa. Ba abin da ke lilo, ba abin da ke birgima. Mage ta kalli hannun mutum har ta gaji ba ta ga abin kamawa ba.

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ita kaɗai ce a gidanmu ta ware wa mage lokaci. Kaɗi take yi. Bayan azahar takan zauna a bakin ƙofar ɗakinta daga ciki, ta miƙe ƙafa, taskirar auduga a gefe, ta dangwali alli, ta murza mazari a cikin ƙoƙo. Har yau ina jin wannan ƙara a kunnena, siririya, kamar ƙwaro ya faɗa cikin tulu. Hannunta na hagu ya yi sama da audugar, zare ya miƙe, ta sauke ta naɗe, ta sake ɗagawa. Magenmu, wata mai ruwan toka, tana durƙushe a gabanta ba ta taɓa komai, kai kawai take ɗagawa tana saukewa tare da hannun. Sai Iya ta gaji ta tsinko zaren abawa kamar kamu guda, ta ƙulla ɗan curin auduga a bakinta, ta ɗaga. Nan fa mage za ta miƙe a ƙafafun baya tana kai mari. Iya ta sauke, ta ja a ƙasa, ta tsaya cak har magen ta laɓe tana kaɗa gindi, sannan ta fizge sama. Mu jikoki mukan tsokane ta mu ce ko ita ta haifi magen nan, ta ce ai da ita ta haife ta da ta ji daɗi, don ba ta taɓa sace mata ƙuli-ƙuli a ƙarƙashin gado ba. Wata rana mahaifiyata ta yi ƙorafi a hankali cewa abawar da ake ba mage a wata ta isa a tara a kai kasuwa. Iya ba ta ɗago kai ba.

“Nono na cikinta ne,” ta ce. “Wannan na ranta ne. Ku dinga yi mata ko bayan raina, don in ba ku yi ba akwai masu yi.”

Na tambaye ta su wa. Ta dangwali alli ta ci gaba da kaɗinta.

Iya ta rasu a tsakiyar girbi, a wata shekara da gero ya yi kyau har aka rasa hannun ɗauka. Da aka share makoki kowa ya koma gona, manya da yara, a fita da duhun asuba a dawo a gajiye. Aka ja asabari a ƙofar ɗakinta aka bar taskirarta a rataye. Ba wanda ya ƙi magen. Ana zuba mata nono, ana ganinta a kan danga. Maganar Iya ce dai ta bi cikin dami da sussuka ta ɓace. Ni kuwa zazzaɓi ya kama ni, aka bar ni a gida da mahaifiyata. Ran nan da rana tsaka, a irin lokacin da manya ke hana mu zuwa gindin tsamiya, gari ya yi tsit, kurciya kaɗai ke kuka. Ina kwance a inuwa sai na ji dif, dif, a ɗakin Iya, kamar ana jefa ƙaramin dami a ƙasa. Mahaifiyata ma ta ji. Ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta, ta je ta ɗaga gefen asabarin, ni kuma na leƙa ta ƙarƙashin hannunta.

Magen tana tsaye a ƙafafun baya tana marin iska, daidai tsayin hannun mai zaune. Ta sauko ta bi wani abu a ƙasa, abin da mu ba mu gani, ta tsaya ta laɓe tana kaɗa gindi, ta jira, sannan ta daka tsalle sama. Ba ƙuda a wurin, ba tsinke, ba hasken rana da ya ɓullo ta jinka. Abin da ya fi tayar min da tsigar jiki jiran nan ne. Mage in tana wasa ita kaɗai ba ta jira, don ba wanda za ta jira. Wannan kuwa tana jira, kuma tsawon jiran irin na Iya ne.

Mahaifiyata ta saki asabarin tana salati. Da yamma ta gaya wa mahaifina, shi kuma ya yi shawara da ƙannensa. Ba wanda ya ce a kashe ta, don kowa yana tsoron alhakin mage. Abin da aka saba shi aka yi. Ranar wata kasuwa mai nisa aka saka ta a buhu, aka ɗaure baki, ƙanin mahaifina ya ɗora a jaki, ya kwance ta can bayan fadama inda ba za ta gane hanya ba. Ta gane. Sai da aka gama kai amfanin gona gida sannan ta dawo, fata da ƙashi, kunne ɗaya a yage. Ta wuce sakainar nono, ta wuce mu, ta kutsa ta ƙarƙashin asabari. Amma ba ta ƙara tsalle ba. Zama take yi a gaban wurin Iya, kanta yana ɗagawa yana sauka. Mahaifiyata ta tsinko abawa ta je tana karkaɗa mata a gaban ido, tana kira mus, mus, magen ta kauce da kai kamar an tsare mata kallo. A wurin ta mutu. Shekarar nan ɓeraye suka ci har irin shuka, amma ba shi ne ya tsaya wa mahaifiyata a rai ba. Har ta tsufa, in ta ga mage sai ta ce mun kai zaren a makare.

Na girma, aka kai ni gidan Malam. Mutanensa masu shanu ne da suka zauna suka kama noma, kuma duk zuriyarsu ba wanda ya kai shi tufka. Igiyar guga, igiyar jaki, dangwalin da ake jera maruƙa a jikinsa, duk daga tafin hannunsa suke fita. Ba mai yawan magana ba ne. Shekarun da muka yi tare, in na ce ga abin da ya faɗa min mai daɗi sai na yi dogon tunani, amma ban taɓa ɗora tukunya na rasa itace a gefen murhu ba. Da ciwo ya ci ƙarfinsa, autarmu da mijinta suka ɗauko mu zuwa Dutse don kusa da asibiti. Su biyun ma'aikata ne, 'ya'yansu suna makarantar kwana. Gida ne mai kyau, ƙasa duk tayil, katanga ta fi tsayin raƙumi. A ciki muka tarar da wata farar mage mai yawan gashi, wadda aka sayo da kuɗi, tana cin kifin gwangwani tana kwana a kan kujera mai laushi. Malam ya dube ta ya ce wannan ai Hajiya ce. Kullum da safe sai ya gaishe ta, ya tambaye ta gajiyar zama, ya ce ko za a kira mata adaidaita ta je ta duba ɓerayen unguwa.

Mutumin da ya saba aiki ba ya iya naɗe hannu. Malam ya sa aka tara masa tsofaffin buhunan shinkafa, yana warware zarensu, ya zauna a barandar baya bayan azahar ya danne bakin da babban yatsan ƙafa yana tufka. Igiyar da ba wanda zai ɗaure komai da ita, don ko akuya babu a gidan. Amma tana birgima a kan tayil. Ran farko Hajiya ta kalla daga nesa. Ba a daɗe ba ta sauko daga kujera, ta manta da sarautarta, ta dinga zamewa tana faɗuwa, shi kuma yana dariya har tari ya sarƙe shi. In ya gama sai ya ɗaga bakin igiyar sama ya ce, to Hajiya, taso ki karɓi albashinki. Wannan dariyar ita ce ta ƙarshe da na ji daga bakinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

A gidan na yi takaba. Baƙi suka zo suka tafi, masu gida suka koma aiki, aka bar ni da mage. Sai ta canza. Ta yayyage hannun kujera, ta dinga kai wa autata cizo a dunduniya in ta shigo, ta bar cin abinci sai kaɗan. Autata ta kai ta wurin likitan dabbobi, ya duba ya ce lafiyarta ƙalau, kaɗaici ne, a dinga yi mata wasa kullum ko na ɗan lokaci ne. Ta sayo wani tsinke mai gashin tsuntsu a baki. Ta karkaɗa shi a ranar, washegari ta dawo a gajiye ta ce sai gobe, daga nan tsinken ya hau kan firji ya zauna. Ba laifinta nake gani ba. Takan dawo ta zauna a bakin gado da mayafinta ba ta ko cire ba, barci ya ɗauke ta.

Wata rana na idar da azahar ina zaune a kan sallaya, sai na ji shi. Dif, dif, daga barandar baya. Shekaru nawa tsakani, amma jikina ya riga kunnena ganewa. Na dafa bango na je na leƙa ta taga. Magen tana nan gaban inda Malam ke zama, tana bin wani abu a kan tayil, tana zamewa, tana laɓewa, tana jira. Can ta miƙe a ƙafafun baya ta kai hannu sama, daidai inda yake ɗaga mata igiya.

Na san wanda ya tafi ba ya dawowa. An karantar da mu haka kuma na yi imani. Mai yiwuwa dabba ce take tuna abin da ta saba, kamar yadda ni ma har yanzu nakan zuba ruwan alwala a buta biyu. Allah ne ya san gaskiyar abin. Na kuma san abin da ya kamata in yi, tunda na ga ƙarshen irinsa da idona. Amma ban ɗauki igiya ba, kuma ban gaya wa kowa ba. Kullum bayan azahar sai in jawo kujera kusa da taga in zauna in rufe ido. Ina jin faratanta a kan tayil, ina jin shirun da take yi in tana jira, kuma a cikin wannan shirun nakan ji kamar in na buɗe ido zan ga ƙeyar Malam da hularsa da ta koɗe. A duk gidan nan lokacin kaɗai ne ba ni kaɗai ba ce.

Surukina ne ya gano. Ya dawo gida da rana ba lokacin dawowarsa ba, ya zaga baya don duba tankin ruwa, ya tarar da magen a tsaye tana marin iska. Na gan shi ta taga ya tsaya kamar an dasa shi, leɓɓansa na motsi. Da yamma na ji yana gaya wa matarsa cewa ba zai kwana da abin da bai gane ba a gidan da 'ya'yansa za su dawo hutu, ranar Asabar zai kai magen hanyar Ringim ya sake ta.

A nan ne abin ya yi min nauyi. Mu a wurinmu uwa ba ta zama ta yi zance da mijin 'yarta. Tun da ya aure ta, tsakanina da shi gaisuwa ce, shi a durƙushe a bakin ƙofa, ni a bayan labule, kowa yana kallon ƙasa. Ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, balle in ce masa abin da ya yanke a gidansa ba daidai ba ne. Mutumin da ya ɗauki jinyar Malam bai taɓa ɓata fuska ba. Na nemi autata in gaya mata ta gaya masa, na fara ba ta labarin Iya, kafin in kai ga buhu wayarta ta yi ƙara. Na sake gwadawa washegari, na duba na ga ta yi barci a zaune.

Asabar ta zo. Da hantsi na ji shi a falo yana karkaɗe buhu, ɗaya daga cikin waɗanda Malam bai kai ga warwarewa ba. Magen ta ruga ɗakina ta shige ƙarƙashin zanina. Ya zo ya tsaya daga bakin labule ya yi sallama, ya ce wa matarsa ta shiga ta ɗauko ta. Na ɗora magen a cinyata. Shi ba zan iya yi masa magana ba, amma ba wanda ya hana ni magana da mage.

“Hajiya,” na ce, da muryar da za ta wuce labule, “za a kai ki daji. Ke da ba ki taɓa kama ko fara ba. Za ki dawo, don irinku suna dawowa, amma ba za ki dawo wurinmu ba. Na taɓa ganin wadda aka kai.”

Na ci gaba da ba magen labarin Iya tun daga mazari har zuwa kunnen da ya yage, ina shafa bayanta, hawaye na zuba a gashinta. Autata tana tsaye a tsakani, rabinta a ɗaki rabinta a waje. Da na gama sai na ji ya yi gyaran murya.

“Ki tambayi Inna,” ya ce wa matarsa, “abin da na gani da idona fa?”

“Hajiya, ki gaya wa mai gidan nan na riga shi gani. Ba a korarsa da buhu. Mai rai ne zai zauna a wurin ya riƙe igiya, kullum, har ki daina duban sama.”

“Ki gaya wa Inna mu ba ma gida da rana.”

“Ki ce masa rana tawa ce. Yamma fa, ta wa?”

Autata ta ce ita dai yau ta ga ikon Allah, an mai da ita da mage 'yan aike a gida ɗaya, kuma magen ta fi ta samun saƙo. Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Na ji ya ninke buhun, na ji takunsa ya yi baya, can ya dawo ya turo wani abu ta ƙarƙashin labule. Guntun igiyar Malam ce, wadda bai gama ba, bakinta a warware.

Ba a rana ɗaya magen ta karɓa ba. Da fari in na zauna a wurin na ja igiyar, sai ta kalli gefen kafaɗata, ba hannuna ba, har in ji sanyi a wannan gefen. Yatsuna sun ƙage da sanyin ƙashi, igiyar takan suɓuce. Na dai nace. Da yamma autata takan ajiye jaka ta zauna a ƙasa ta yi nata kafin ta shiga kicin, wayar tana ƙara a cikin jakar ba ta kula ba. Har surukina, na taɓa hango shi ta labule, babban mutum da furfura a gemu, ya tattare riga yana jan igiya a bayan kujera yana cewa Hajiya ba ta da saurin da ake faɗa. Ya ɗago muka kusa haɗa ido, kowa ya yi maza ya kau da kai. Magen ta koma cin abinci, ta bar kujera ta huta, gashinta ya kwanta. Yaran sun zo hutu sun yi ta guje-guje da ita har suka fasa kofi.

Ki rubuta cewa ta warke. Ki rubuta cewa ni na roƙa, kuma da abin zai maimaitu, ni zan sake roƙa.

Sai dai barandar ta yi shiru. Kwanan baya na idar da azahar na zauna a bakin taga na rufe ido kamar da, na jira har ƙafata ta yi tsami, ban ji komai ba sai firji. Na tashi na sami magen tana barci a falo. Na ɗauke ta na kai ta wurin, na ajiye ta a gaban inda Malam yake zama, na ɓoye igiyar a bayana, na koma gefe na yi tsit. Na ce a raina ko sau ɗaya. Ta shinshina tayil ɗin, ta yi hamma, ta lashi hannunta. Ba ta dubi sama ba. Ta juyo ta zo ta zauna a gabana, ta kafe hannuna da ido tana jira.

Na share fuskata da bakin mayafi, na fito da igiyar, na ja mata.